Wutar da Mukhtaru Ya Sa wa Salansa

Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsun Ka'akiyya, amma katangun gidan ba su huce ba. A tsakar gida Mukhtaru yana durƙushe gaban babur ɗinsa, hannuwansa baƙi ƙirin da tsohon mai, yana huci kamar wanda aka zaga a bainar jama'a. Direban tankar ruwa ne, haifaffen Makka, jikan Kanawan da suka zo aikin hajji suka zauna. Duk unguwar an san hannunsa ya iya gyara, an kuma san zuciyarsa a kusa take.

Babur ɗin irin na hawan yashi da duwatsu ne, dogo, wanda ake haɗa masa fetur da man inji a tanki ɗaya. A wani kwari bayan gari ya gan shi, kan hanyar da yake bi da tanka, kwance a gindin wata ƙaya, yashi ya binne rabinsa. Makiyayan wurin suka ce tun tasowarsu a nan suke ganinsa, ba mai shi. Mukhtaru kuwa tun yana yaro yake mafarkin irinsa, mahaifinsa bai taɓa samun halin saya masa ba. Ran da ya kawo shi gida, ɗan kawunsa Mish'al ya zagaya shi yana dariya, ya ce gawa ba ta tashi sai ranar ƙiyama. Wannan dariya ce ta tsaya wa Mukhtaru a rai.

Ba shi da abin sayen sabbin kaya, sai ya bi ta hanyar talaka. Fiston na hannu ya tono a tashlih, inda ake yasar da matattun motoci. Gasket da kwali ya yanka shi. Kabureta ya jiƙa ta a fetur, ya bi ƙananan ramukanta da siririyar waya. Duk da haka idan ya buga kik sai injin ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu. A ƙarshe ya gane salansar ce a toshe. Salansar irin wannan babur ciki gare ta kamar tulu, kuma tsohon hayaƙi ya daskare a cikinta. Hanya mafi araha ita ce a ƙone dattin da wuta.

Matarsa Sa'adiya ta leƙo daga ɗakin girki, ta kira shi da sunan 'yarsu kamar yadda Larabawa ke yi. "Abu Shifa, magariba ta kawo kai. Ka bari sai da safe."

"Kullum ki ce in bari," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Ya kwance salansar, ya jingina ta da bango, ya tuttula mata fetur ta baki. Zuciyarsa na wajen dariyar Mish'al, bakinsa bai ambaci sunan Allah ba. Ya ƙyasta ashana ya jefa.

Wutar ta kama da wani irin gurnani. A cikin gurnanin sai aka ji wata siririyar ƙara, doguwa, wadda ba ta yi kama da ta ƙarfe ba. Hayaƙin ya fito baƙi, amma bai tashi sama ba, ya kwanta a tsakar gidan iya ƙugu. Ladanin masallacin unguwa ya ɗaga murya. Kafin ya kai ƙarshe, dutse ya faɗo daidai ƙafar Mukhtaru. Da ya ɗauka, ya ji shi da ɗumi.

Daga ranar, duk lokacin da rana ta faɗi sai jifa. Duwatsun ba su taɓa samun kowa ba, kusa da mutum suke sauka, dukansu shafe da baƙin hayaƙi. Mukhtaru ya ce 'ya'yan maƙwabta ne. Ya je ya buga ƙofar maƙwabcinsa Rakan, suka ɗaga murya har sai da dattawa suka shiga tsakani. Ya hau soro da sanda ya yi gadi, dutse ya faɗo a bayansa, daga inda babu komai sai sararin sama.

Babur ɗin kuwa ya tashi. Da ya mayar da salansar, bugu ɗaya ya kama, da kaifin murya irin wadda Mukhtaru ya daɗe yana jira. Kowace yamma yana tsugune yana murɗa ƙusar iska ta kabureta kaɗan-kaɗan, yana kasa kunne, yana zare filogi ya duba launinsa. Da ya kashe injin sai shiru ya sauko wa gidan, mai nauyi. A cikin shirun nan Sa'adiya ta sha jin numfashi yana fita daga bakin salansar, irin na wanda ke ƙoƙarin danne fushi.

Sai abin ya koma kan Shifa, 'yarsu tilo, budurwa mai shiru da ke makarantar sakandare. Da farko cewa take yi tana jin ƙaurin hayaƙi a cikin ruwan sha. Daga nan ta daina cin duk abin da ya taɓa wuta. Idan uwarta ta kunna murhu sai ta ruga ƙuryar ɗaki ta toshe kunnuwa. Leɓunanta suka bushe suka tsage. An kai ta asibiti, aka duba, aka ce ba a ga komai ba.

Shifa irin 'ya'yan Makka ce na yanzu, a yi mata Hausa ta amsa da Larabci, abin da ya daɗe yana ɓata wa ubanta rai. Wata yamma yana cikin murɗa ƙusarsa sai ya ji mutum tsaye a kansa. Ita ce, ba mayafi, idanunta a kafe.

"Kai ɗan mutum," in ji ta, da Hausa tsantsa, tsohuwa, irin wadda tun rasuwar kakarsa bai sake ji ba. "Kana jin daɗin kukan gidana?"

Abin murɗin ya suɓuce daga hannunsa.

Sa'adiya ba ta nemi izininsa ba. Ta kira Malam Abdulwadud, wani Basakkwace da ya zo karatun hadisi ya zauna a Aziziyya yana karantarwa, wanda mutane ke nema idan irin wannan ta faru. Washegari bayan la'asar ya iso, siririn mutum mai magana a hankali. Ya sa Sa'adiya ta lulluɓe yarinyar ta riƙe ta, shi kuma ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, har inuwar katanga ta cinye tsakar gidan. Jikin Shifa ya soma rawa, sai ta saki wata ƙara, ta miƙe zaune.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Ɗaso."

"Musulma ce ke?"

"Na riga kakan ubanta ganin Ka'aba. Da ayarin masu tafiyar ƙasa na zo."

"To me ya kai Musulma jikin yarinyar da ba ta yi mata komai ba?"

Kan Shifa ya juya a hankali ya fuskanci ubanta. "Tambaye shi. Ƙarfen nan da aka yasar, a cikinsa na zauna, a cikinsa na haihu. Ya ɗauko mu, na yi shiru. Ya yi ta bugun gidan da guduma, na yi shiru. Sannan ya zuba mana wuta a lokacin da yara ke komawa ɗaki. Ni na fita. Ƙaramin ɗana bai fita da wuri ba, hayaƙi ya cinye masa ƙirji. Yana can kwance tsakanin duwatsu, ba rufi a kansa."

Mukhtaru ya ji tsoro, amma tsoron nasa ta hanyar fushi ya fito. "Ni na san da wani a ciki? An rubuta a jiki? Gumina ne a kan babur ɗin nan."

"Da ka ce bismillah, da mun ji mun fita," in ji muryar. "Kalma ɗaya ta gagare ka. Numfashi ka ɗauka, numfashi zan ɗauka."

"Ba za ki ɗauka ba," in ji Malam, bai ɗaga murya ba. "An zalunce ki, na yarda. Amma wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kin sani. Idan kin ƙi fita zan ci gaba da karatu, kuma kin san abin da zai yi miki. Wa zai yi jinyar ɗan naki? Faɗi haƙƙinki, kada ki wuce shi."

Shifa tana haki, haƙoranta na cizon juna.

"Gidana," in ji muryar a ƙarshe. "Ya mayar da shi inda ya ɗauko, da hannunsa. Kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya yi laifi."

Malam ya dubi Mukhtaru. "Wannan ba hadaya ba ce; da ita ce, da ban yarda ba. Mayar wa mai abu abinsa ne."

Mukhtaru ya waiwaya ya kalli babur ɗin. Ya san ya karaɗe tashlih na Makka da na Jidda bai ga salansa irinta ba, kuma in babu ita babur ɗin ya koma gawa. Bai ce a'a ba. Shiru kawai ya yi, na ɗan lokaci kaɗan.

Sa'adiya ta ɗago, 'yarta na jingine a ƙirjinta. "Abu Shifa," in ji ta, muryarta a sanyaye, "wannan shirun da ka yi, har in mutu ba zan manta da shi ba."

Maganar ta fi duk duwatsun da aka jefa masa zafi. Ya tashi ya ɗauki sifana, ya kwance salansar, har ƙusa ta yanke shi bai ji ba. Malam ya sa Ɗaso ta yi rantsuwa da Allah cewa ba za ta dawo ba. Ta yi, tana jan kalmomin kamar ana fizgo su. Ƙafar Shifa ta hagu ta karkaɗa, ta miƙe, ta saki. Yarinyar ta buɗe ido ta nemi ruwa da Larabci, ta shanye kofi cike.

Mukhtaru ya ari motar Rakan, wanda ya ba shi makulli bai tambaye shi komai ba. Ya isa kwarin da sauran jan haske a gefen sama. Ya saɓa salansar a kafaɗa ya taka cikin yashi har gindin ƙayar, ya ce bismillah, ya ajiye ta. Ya tsaya. Bai taɓa ba wa mutum haƙuri ba, har mahaifinsa, kuma ko yanzu ƙirjinsa tafasa yake, ya rasa da wa yake fushin.

"Na yi laifi," in ji shi, da ƙyar. "Ku yafe mini."

Ya juya zai tafi ke nan sai ya ji wani ɗan motsi a cikin ƙarfen, kamar ana shimfiɗa wani abu. Sannan tari ya biyo baya, ƙarami, busasshe, na yaro, yana yi yana sarƙewa.

Mukhtaru ya dawo gindin ƙayar. Ya zauna a kan yashi, ya yi ta karanta duk addu'ar neman lafiya da ya sani, ƙasa-ƙasa, kamar yadda ake yi a gefen gadon mara lafiya. Bai tashi daga wurin ba sai da tarin ya lafa.