Na'urar Da Ke Cewa Lafiya Lau

Ranar da Dogo ya fara ganinta, zare masa katin ajiyar bayanai ta yi daga na'ura tana tsaka da rubutu. Shi ya rubuta manhajar da ke adana bayanin sanyin firjin magani. Ita sabuwar mai gwaji ce, aikinta lalata abin da wasu suka gina.

Allon ya nuna sifili.

"Malam, na'urarka maƙaryaciya ce. Ga kati a hannuna, wai ta adana."

Ƙa'idar aikin a fili take: kowane umarnin fayil lamba yake dawowa da ita. Sifili, an dace. Ƙasa da sifili, matsala, kowace da lambarta: wuri ya cika, fayil ya ɓace, kati ya lalace. Dogo yana duba lambar buɗewa da ta rubutu, ta rufewa kuwa haɗiye ta yake yi.

Ya gyara manhajar, zuciya dai ba ta gyaru ba. Ya raɗa mata Ɓarauniyar Kati.

Da soyayya ta yi nisa, ya je neman aurenta wurin babanta shi kaɗai. Tsohon ya ce a'a. Akwai kuma ɗan abokin tsohon, likitan haƙori, mai yawan kawo gaisuwa, shi ma ita yake nema.

Ta turo saƙo: "Yaya kuka yi da Baba, Dogona?"

"Lafiya lau."

Maza sun daɗe suna kashe aure da kalmomin nan biyu.

A bakin gwaggonta ta ji gaskiya, cewa Baba ya ƙi. Ta ɗauka janyewa ya yi, ta daina kallon teburinsa. Da haƙurinta ya ƙare ta rubuto:

"Ka dawo mini da sifili alhali an zare kati. Me Baba ya ce? Kalmominsa nake so."

Ya rubuto mata:

"Cewa ya yi ba ya ba da 'yarsa ga wanda ba shi da manya."

"Shi ke nan? Kai dogon banza! Kawunka mutuwa ya yi?"

Kawu ya je da abokansa. Tsohon ya ce dama su yake jira, likitan ma surutu ya yi masa yawa.

Ranar ɗaurin aure tsohon ya riƙe hannun Dogo.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Lafiya dai ko?"

"Baba, tsoro nake ji, kuma takalmin nan ya matse ni."

Da labarin ya kai wa amarya, ta yi dariya har da hawaye.