Magini da Guduma

A wani gari an yi wani magini mai gaggawa. Wata tsohuwa ta kira shi ya kankare tsohon simintin da ke tsakanin tayil ɗin ɗakinta. Ta miƙa masa siririn ƙarfe, ya ture, ya ɗauko guduma.

"Wannan ta fi sauri, Iya."

Ya buga, tayil ya tsage. Ya sake bugawa, wani ya tsage.

"Haba ɗan nan! Marigayi maigidana ya shimfiɗa su da hannunsa!"

"Wannan ta fi sauri, Iya."

Can sai tsinin fasasshen tayil ya shige masa tafin ƙafa. Ya roƙe ta ta kawo allura. Tsohuwa ta ɗauko gudumar, ta kama ƙafarsa gam.

"Tsaya mana, ɗan nan. Wannan ta fi sauri."