Notin Ƙarshe

"Ajiye ta, Yaya! Don Allah ajiye ta!"

Auta ta fizge tsohuwar laftof ɗin daga hannun yayanta, ta rungume ta a ƙirji.

"Tarkace ce fa. Mai ita ya manta da ita, ya manta da ke."

Ta juya masa baya.

Wani saurayi da suke kira Mai Gilashi ne ya kawo ta shagonsu na gyaran kwamfuta. Ta marigayi mahaifinsa ce, mai kauri kamar bulo, kowa ya ce ta mutu murus. Auta ta wanke fankar, ta sauya allon, ta bi madannai ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana kan benci yana kallon hannunta. Kafin laftof ta farfaɗo, zuciyar mai gyara ta riga ta tafi.

Da maganar soyayyarsu ta fito, Yaya ya ce sam, ba a san asalinsa ba. Mai shagon waya ta kusa da su kuma, wadda ta daɗe tana yi wa Mai Gilashi fari da ido, ta raɗa masa wai an yi wa Auta miji. Daga ranar ƙafarsa ta ɗauke.

Aiki ya ƙare tuni, saura noti ɗaya. Haka Baba ya koya musu: notin ƙarshe a gaban mai kaya ake ɗaure shi. Yana nan cikin murfin kwalba. Kullum sai ta dube shi, ta dubi ƙofa. Kewa ta ci ta, har Yaya ya fara kasa haɗa ido da ita.

Wata rana da hantsi ta ji sallamar da ta sani.

"Na zo karɓar kayana..."

Ya rame. Wayyo, ya rame!

Ta danna maɓallin, allon ya kawo haske tar. Ta ɗauko notin da sukundireba, ta san tana ɗaure shi, shi ke nan, babu abin da zai sake kawo shi.

"Angon naki ya bar ki kina aiki?" ya ce, idonsa a ƙasa.

"Wane angon?"

"Aka ce..."

"Aka ce! Sai ka yarda? Ba ka da bakin tambaya ta?" Hawaye suka zubo mata. "Kullum ina nan, ni da notin nan, muna jiran ka!"

"Auta... sanyin idona, ki yafe min."

Yaya ya yi gyaran murya daga bayan kanta. Ya ƙaraso, ya zare sukundireban daga hannunta, ya jefa a aljihu.

"Malam, aikinka bai ƙare ba. Ka je ka zo min da manyanka in gan su."

"Yaya!"

"Ke rufe min baki. Na gaji da kallon ki kina hira da murfin kwalba."

Mai Gilashi ya fita har yana tuntuɓe da benci. Auta ta mayar da notin cikin murfinsa, tana dariya tana share hawaye.