Igiyar Awon 'Yar Akuya

A can wani ƙauye, an yi wata yarinya mai 'yar akuya ja. Duk Juma'a takan zagaya ƙirjin akuyar da igiya, ta ƙulla alama, domin kakarta ta ce duk wadda ba ta girma, kasuwa za ta.

Juma'a ta zo, ƙulli bai matsa ba. Wata Juma'ar ta zo, ƙulli bai matsa ba. Yarinya ta so ta ƙara yatsa biyu a awon don ta ruɗi Kaka, sai ta fasa.

Ta ce, "Kaka, ba ta ƙaru ba."

Kaka ta yi dariya. "Ja'ira, share hawayenki, tsutsar ciki ce! Ɗebo sassaƙen maɗaci."

Akuya ta sha jiƙo. Bayan wata uku kuwa, sai mutum biyu sun danne ta kafin a auna.