Dutsen Awon da Aka Rage wa Nauyi

Da safiyar Litinin ma'aikatan gidan tarihi na birni suka iso zauren ulu na garin Wendcombe domin su ɗauki dutsen awo. Ɗaya daga cikinsu ya kankare gindinsa da farce, sai fenti ya biyo shi. Baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launin tagulla. Na ainihin, na tagulla, wanda ya shekara ɗari shida ana auna gashin tumaki da shi, ya yi ɓatan dabo.

Saja Rhoda Pardoe 'yar sanda ce, kuma 'yar garin ce. Tun tana yarinya take ganin yadda ake ɗora dutsen a kan sikeli ranar sausayar tumaki, a auna ulu tod guda, a saƙa wa gidan gajiyayyu barguna. A bana kwamiti ya yanke cewa za a koma awon kilo, dutsen kuma a kai shi birni.

Da aka kira ta zauren, Rhoda ta karanta takardar da ke manne a bango: tod ɗaya, laba ashirin da takwas, wato kilo goma sha biyu da giram ɗari bakwai. Ta ɗora na jabun a kan sikelin zamani. Kilo goma sha biyu da giram ɗari huɗu. Da ta kifa shi, ta ga shatar zarto a gindinsa.

Mutum uku ne ke da hanyar kaiwa ga dutsen. Ta fara da Miriam Gillett, mai kula da zauren.

"Ke kika rubuta takardar nan?"

"Ni ce, Saja."

"Kin taɓa auna dutsen?"

"In auna shi da me? Ko ɗaga shi ba na iyawa, bayana ba zai yafe mini ba. Littafi ya ce laba ashirin da takwas, na buga lissafi, na rubuta abin da ya fito."

Na biyu shi ne Desmond Hiatt, dillalin tsofaffin kayan tarihi, wanda sau biyu yana neman a sayar masa da dutsen, kuma aka ba shi mabuɗi domin ya kimanta shi.

"Haba Rhoda, ni da na san ki kina yawo ba takalmi!" in ji shi. "In ni ne, ai da na yi aikin da zai shekara goma ba a gane ba. Wannan fenti ko a ƙofar kejin kaji ba zan shafa shi ba."

"Nawa ne nauyinsa?"

"Sha biyu da ɗari bakwai mana. Ba ga shi a bango ba? Ko an daina koya wa 'yan sanda karatu ne?"

Kafin ta je wurin na uku, sai ta biya ta gidan Nora Lovesey, masaƙiyar da ke karɓar ulun kowace shekara.

"Iya Nora, in kin auna ulun a sikelinki, tod ɗin yana cika?"

"Yana cika, amma sai an yi ciko. Kashegarin sausaya Amos Tranter yakan zo da ɗan ƙunshi daga tumakinsa, giram ɗari uku cif, ya ajiye ya ce in yi shiru. Shekara arba'in ke nan. Na ce masa, tsohon banza, wa zai lura? Ya ce shi zai lura."

Amos Tranter ne na ukun, gidansa yana can saman tudu. Shekararsa tamanin da ɗaya, hamsin daga ciki shi ne ma'aunin gari. Ta tarar da shi a bakin ƙofa, ya riga ya sa rigar fita.

"Shigo, 'yata. Shayi ya yi sanyi, kin daɗe a hanya."

"Baba Amos, ka san abin da ya kawo ni."

"Na sani. Amma faɗa mini yadda kika yi, in ji ko kin gaji kan mahaifinki."

Ta zauna. "Duk wanda ya bi takardar bango zai yi jabu mai nauyin tod cikakke. Miriam da Desmond abin da suka sani ke nan. Amma wanda ya yi wannan ya sami ƙarfe cikakke, ya zauna da zarto ya rage masa giram ɗari uku. Cikin masu hanyar kaiwa ga dutsen, mutum ɗaya ne ya san ya kai haka wajen zaizayewa. Me ya sa ka wahalar da kanka, Baba? Da ka bar shi cikakke, da ban zo nan ba."

Tsohon ya dubi tafin hannunsa.

"Na ɗora na jabun a wurin da cikakken nauyinsa, na ɗaga, hannuna ya ƙi yarda. Fenti ƙarya ce, na sani. Amma ban iya yi masa ƙarya a nauyi ba. Kin san inda giram ɗari ukun nan suka tafi? A hannun mutane suka tafi. Kakana, da ubana, da matata Edith da take goge shi kowace Asabar har ta rasu. Lissafin Miriam bai san da su ba."

Ya yaye wani bargo a kan kujera. Ga dutsen nan, mariƙinsa ya yi santsi yana ƙyalli.

"A can birnin, akwai mai ɗaga shi?"

Rhoda ta so ta ce akwai. "A'a, Baba. Cikin gilashi za a sa shi."

Ya gyaɗa kai. Da ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai ya dafa mata wuyan hannu.

"Ina motarki?"

"Tana ƙasa, bakin gada. Da nisa, Baba."

"Madalla," in ji shi.

Ya sunkuya ya kama mariƙin, ya miƙe a hankali. Suka kama gangara, yana gaba tana biye, kuma ba ta ce masa ya yi sauri ba.