Ashe Oga Ya Tafi

Hukuma ta ce kowane ƙaramin jirgi sai an ɗaura masa sabuwar na'ura mai shelar inda yake a sama. Wani makanike, Allah wadaran halinsa, ya sayar da sabuwar, ya goge tsohuwar ya mayar. Jirgi ya tashi da matuƙinsa, ɗan mutane, ya ɓace. Har yau uwar yaron ko takalminsa ba ta gani ba.

Ran nan bayan isha'i, makanike yana tattara kayan aiki a rumfar jirage, sai ya ji warin ɗanyen taɓo. Ga mutum tsaye gindin fiffike, rigarsa na ɗigar ruwa, amma simintin a bushe ƙamas.

"Oga, ina ta kira, ba wanda ya gan ni."

Muryar na shaƙewa kamar ta rediyo.

"Bawan Allah, gobe... gobe zan ɗaura maka!"

"Bar ta. Kai ma ɗanɗana ka ji."

Makanike ya ruga bakin ƙofa yana ihu. Maigadi ya dalla masa tocila a fuska, bai ga kowa ba, ya yi hamma.

"Ashe oga ya tafi."

Ya ja ƙofa, ya garƙame.