Rumbun da Ke Ƙarƙashin Bene

Wanda ya jawo wa gidan nan masifa ya san kansa. Shi ne ya zo da jakar wayoyi da bakin iya yi, ya ɗauki akwatin da ke riƙe da aikin ofis kaf ya kai tsohon banɗakin da ke ƙarƙashin bene, wai can ba mai taɓa shi. Banɗaki fa! Ko yaron goye ya san irin wurin nan da masu shi. Bai ce musu su riƙa kwafe aiki a wani wuri ba. Yau ka kira lambarsa, a kashe take.

Maigidan mai zanen gine-gine ne, ofis a ƙasa, iyali a sama. Kwamfutocin ofishin duk a akwatin nan suke zubawa suke ɗiba, shi ya sa suke ce masa rumbu. Duk zanen da ya yi tun gashinsa na baƙi yana ciki. In ka cire zane, mutumin nan bai san komai a na'ura ba. Auta, 'yarsa, ita ke lallaɓa kwamfutocin, da kanta ta koya.

Wani yammaci wuta ta ɗauke ta dawo, rumbu ya ƙi buɗuwa. Jan kuros ne kawai a kan foldar rumbun, alamar babu hanyar shiga. Auta ta zare waya ta mayar. Ta kashe rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin da akwatin, ta kunna. Ta duba ko adireshin akwatin ya sauya, ta sake rubuta kalmar sirri a hankali, harafi harafi. Shiru. Rana ta yi ja a jikin taga, inuwa ta fara cin ƙafafun tebura.

"Ku bari a yi sallah mana," in ji Mama daga saman bene. "Magariba ta kawo jiki."

"Masu ba mu aiki za su zo gobe," in ji maigidan, bai ko ɗago ba. "Auta, duba akwatin."

Ta ɗauki injin hura iska ta tura ƙofar banɗakin, ko bismilla babu, don ranta a ɓace yake. Bayan akwatin ya yi ƙura jibge, da ɗumi kamar an tashi daga kai. Ta saita injin ta hure shi tas. A cikin ƙarar injin ta ji wani ɗan siririn kuka, irin na jaririn mage, ya taso ya yanke.

Tun daga ranar gidan ya canja. Da rana rumbu zai buɗe lafiya lau. Da an kira magariba sai jan kuros ya dawo, tsakuwa ta fara gangarowa a matakalar bene ɗaya bayan ɗaya, alhali ba kowa a sama. Firinta ta riƙa fitar da farar takarda ba wanda ya aike ta. Masu gyara suka zo, suka sauya wayoyi, suka sauya rauta. Na ƙarshensu ya tsaya har faɗuwar rana, ya ji abin da ya ji, ya naɗe kayansa ya ce, "Yallaɓai, wannan ba layinmu ba ne." Takalminsa ma ƙafa ɗaya ya bari.

Auta ta daina cin abinci. Ta rame, wuya ya fito. Kullum da yamma sai a same ta zaune a ƙofar banɗakin, tana jijjiga hannuwanta wayam, tana rarrashi da wata murya mai kauri da ba tata ba.

Aka ɗauko Malam, wani tsoho marar yawan magana. Ya zauna a ƙasa tsakanin tebura, ya sa aka kashe fanka, ya fara karatu. Ɗakin ya yi nauyi. Can Auta ta sandare, idonta ya juye, bakinta ya buɗe.

"Ka daina ƙona ni, tsoho. Ni aka zalunta."

"Wace ce ke?"

"Mai ɗakin. Ina nan tun kafin a kafa bene. Suka kawo akwatinsu ban ce uffan ba, har na ji daɗin ɗuminsa, na haihu a bayansa. Wannan yarinyar ta zo da iska ta kashe mini jariri. Ɗana ko suna ban sa masa ba."

Mama ta toshe baki da mayafi.

"Ba ta gan shi ba," in ji Malam. "Ba a kama mutum da abin da bai gani ba. Ki ji tsoron Wanda ya halicce mu da ku."

"Uwarta ma ta ɗanɗana abin da na ɗanɗana."

Malam ya ci gaba da karatu, ta yi ta gurnani, har gumi ya jiƙa masa hula. Sannan muryar ta yi laushi.

"To, a bar mini akwatin. A cikin kukansa nake jin numfashin ɗana. A yanke wayoyinku, a toshe ƙofar da bulo. Kada a cire ko layin zane ɗaya daga cikinsa. In an yi, na saki yarinya."

"An ba ki!" in ji Mama. "Wallahi an ba ki!"

"Mai abu ne zai faɗa," in ji Malam, ya juya ga maigidan.

Maigidan ya dubi 'yarsa a ƙasa. Ya dubi ƙofar banɗakin. Mama ta juyo tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

"Malam," ya ce a hankali, "ko za a roƙe ta mu kwafe tukuna? Ba zai ɗau lokaci ba."

Sai bakin Auta ya yi dariya, doguwa, marar daɗi.

"'Yarka tana jin ka fa. Tana nan ciki, idonta biyu."

Ya ce ya yarda, ya faɗa ya sake faɗa, har da hawaye. Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki. Washegari magini ya toshe ƙofar, aka shafe da fenti.

Yarinya ta warke, ta yi ƙiba, ba wanda zai ce an taɓa taɓa ta. Sai dai ba ta sake taka ofishin ba. Tana gaida ubanta da safe, da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabci. Masu kawo aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya, kwamfutoci suka yi ƙura. Shi kuwa yana nan ƙasa da yamma, shi kaɗai, kusa da sabon bangon. Akwatin yana kuka a ciki har yau, ko an ɗauke wuta.

Na ga kana taɓe baki, wai uban banza. To kai, a ɗora maka gumin rayuwarka kaf a bayan ƙofa, a ce ka bar shi yanzun nan. Dafa ƙirjinka ka ce wannan tambayar ba za ta zo maka baki ba. Musa mana, ina jin ka.